Yadda Ake Gwada Ko Sabon Bututun Iska Ya Fi Na Kamfani

Yawancin samarin da ke cire akwatin iska na kamfani su ɗaura filtar nan mai siffar mazurari, da kunne suke yanke hukunci. Da inji ya ƙara gurnani sai ka ji an ce mota ta ƙara ƙarfi.

Nemi ƙaramar sikana ta OBD2, wato na'urar da ake soka wa mota don karanta bayanan kwamfutarta. ELM327 mai arha ma ta wadatar, ba sai ka sayi ta gareji ba. Haɗa ta da manhajar Torque a waya, ka buɗe abu uku: MAF, wato giram nawa na iska ke shiga a daƙiƙa, da IAT, zafin iskar, sai LTFT, gyaran da kwamfutar mota ke yi wa mai.

Fara da akwatin kamfani, amma da sabuwar filta a ciki. Wadda ƙurar hunturu ta toshe, kowane bututu zai doke ta. Inji ya ɗumama, titi ba kowa, wani ya riƙe maka wayar. A giya ta uku, daga juyi 2,000 a agogon juyin inji taka totur har ƙasa zuwa gab da jan layin agogon. Yi sau uku, rubuta MAF mafi girma, sannan ka ɗaura sabon bututun ka maimaita, ka kwatanta lambobin.

Inda aka fi faɗuwa shi ne zafi. Mutum ya gwada na kamfani da azahar, ya ɗaura sabon ya gwada bayan isha'i, ya zo yana murna da lambar da sanyin dare ya ba shi. Iska mai zafi ba ta da nauyi: kowane digiri 10 da ya ƙaru yana cin kusan kashi 3 cikin ɗari na nauyinta. A yi gwajin biyu rana ɗaya, titi ɗaya. Kafin na biyu, bar motar tana aiki a tsaye minti goma, bonet a rufe, ka kalli IAT. Filtar da ke buɗe kusa da inji hucinsa take zuƙa, nan take za ka ga lambar tana hawa. Ni dai bututun da bai da garkuwar zafi ba na ɗaura shi.

Idan faɗin bututun a wurin sensan da ke auna MAF ya bambanta da na asali, lambar MAF ba abin yarda ba ce. Bayan kwana biyu duba LTFT. Ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa, cire bututun. Filta mai shafin mai kuma kada a cika mata, yana ɓata sensa.