Kurakuran da aka fi yi wajen sarrafa ƙwayar kemiri

Kemiri shi ne sunan da mutanen Indonesiya ke kiran bishiyar da a Hawai ake ce wa kukui. Sama da rabin nauyin ƙwayarta mai ne, kuma yawancin asarar da ake yi da ita daga rashin sanin halin man nan take fitowa.

Kuskure mafi hatsari shi ne cin ta ɗanya. Bishiyar dangin zurma ce, ɗanyar ƙwayar kuwa tana da guba mai sa amai da murɗawar ciki da gudawa. Sai ta sha wuta take ciyuwa: a gasa ta a busasshen kasko kan wuta kaɗan, ana juyawa har ta yi ja-ja, ko a niƙa ta cikin kayan miya a dafa sosai. Wuta mai ƙarfi takan ƙona bayanta cikin bai nuna ba, ga ɗaci. Ƙwaya uku zuwa biyar sun isa su yi wa tukunya kauri.

Masu haɗiyar ta don rage ƙiba kuwa su yi hattara. Abin da suke gani a matsayin rama gudawa ce kawai. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu ƙwayoyi da ake sayarwa da sunan "Nuez de la India", wato wani sunan kemiri, 'ya'yan wata shuka ce daban mai gubar da ke taɓa zuciya.

Wajen fasawa, gaggawa ce matsala. Ɓawon yana da taurin gaske, idan kuma bai bushe ba ƙwayar na manne da shi, guduma ta dagargaza su tare. A shanya a rana kwanaki, har a ji ƙwayar na motsi in an girgiza. Wasu sukan ɗumama ta su tsoma a ruwan sanyi don ɓawon ya tsage.

Ajiya ma haka. Man yana saurin lalacewa idan iska da zafi da haske sun same shi. A saka a kwalba mai murfi cikin firji. Wadda ta yi wari kamar tsohon fenti a zubar, gasawa ba ta gyara ta.

Wannan halin ne ya sa man ke bushewa idan an shafa shi a jikin katako. A shafa kaɗan-kaɗan a goge ragowar, in ba haka ba ya yi danƙo. Tsumman da aka yi aikin da shi kada a dunƙule shi a kwando, yana iya ɗaukar zafi ya kama da wuta. A shimfiɗa shi a waje ko a jiƙa cikin ruwa.

Tunkuzar da ta rage bayan matse man kada a ba dabbobi, akwai sauran guba a ciki. Taki za a yi da ita.