Grand-Popo da Aneho: kurakuran da mutanenmu ke ta maimaitawa

Na gaji da kiran 'yan'uwa na Kamba da Bagudo suna cewa mota ta tafi ta bar su. Kusan kullum matsalar ɗaya ce, agogo.

Mu a Kebbi mun saba. Ka bi ta Tsamiya ka shiga Segbana, ka gangara Kandi da Paraku har Kwatano, ba za ka taɓa agogonka ba, domin Najeriya da Nijar da Benin lokacinsu ɗaya. Sai mutum ya ɗauka haka abin yake har Lome. Grand-Popo a Benin take, Aneho kuwa a Togo, dukkansu garuruwa ne na bakin teku. Tafiyar da ke tsakaninsu ba ta kai awa guda a mota ba, amma Togo tana bayanmu da awa guda cur. Ƙarfe 8 a Grand-Popo, ƙarfe 7 ne a Aneho.

Ni kaina abin ya ci ni. Na kwana a Aneho bayan na biya kuɗin motar da za ta kai ni Kandi daga Kwatano. Wayata ta koma lokacin Togo da kanta ban sani ba. Na isa tasha ina ganin saura minti 40, wani dattijo mai sayar da shayi ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai motarka ta daɗe da tashi." Kuɗin tikiti ya tafi, na ƙara kwana, aka yi sunan ɗan ƙanwata a Birnin Kebbi ba ni. Har yau abin yana yi mini ciwo. Tun daga ranar nake ɗaura agogon hannu a kan lokacin gida, kuma duk wanda ya ce mu haɗu ƙarfe kaza sai na tambaye shi, na wace ƙasa? Salla kuwa, ka saurari ladan ko ka dubi rana. Magariba tana yi wajen ƙarfe 7 a Grand-Popo, a agogon Aneho kuma wajen 6.

Na biyu shi ne ruwa, kuma a nan raina yake ɓaci. Don ka yi su a Matan Fada ko ka tuƙa kwalekwale a Yauri, ba shi ne ka san teku ba. Igiyar ruwan gaɓar nan tana janye mutum ta ƙasa, tana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa yana tsaye. Samari, ku daina cika baki! In ruwa kake so, ka ɗauki mai kwalekwale ɗan gari ya zaga da kai kogin Mono har Bouche du Roy, inda kogin ke haɗuwa da teku.

Wasu kuma suna zuwa Aneho neman shiru irin na Grand-Popo. Aneho gari ne na tarihi, nan ne hedkwatar Jamusawa a Togo kafin su koma Lome a 1897, kuma tsofaffin gine-ginensu na nan. Ni wuni guda nake ba ta, in koma Grand-Popo in kwana.

Ka canza naira zuwa sefa tun a Kamba, sefa ɗaya ake kashewa a garuruwan biyu. Katin rigakafin shawara ya kasance a aljihun gaba tare da fasfo kafin ka isa iyaka.