Yadda ake shuka tomatilo a bokiti a cikin gida

Tomatilo ɗan ƙasar Meziko ne, dangin tumatir da gauta, kuma da shi mutanen can suke haɗa koriyar miyarsu da ake kira salsa. 'Ya'yansa kore ne masu ɗan tsami, kowanne lulluɓe cikin wani siririn ɓawo kamar takarda.

Kafin komai, kada a shuka guda ɗaya. Furen tomatilo ba ya ɗaukar barbara daga jikin tushensa, sai ƙudan zuma sun kawo ƙurar fure daga wani tushen. Wanda ya shuka ƙwaya ɗaya zai ga ɓawo ya yi ta kumbura, ya matsa ya ji iska ce a ciki. A shuka biyu ko uku, a jera bokitan kusa da juna.

Kowane tushe da bokitinsa, mai cin lita 20 ko fiye, a huda gindinsa wuri biyar ko shida. A cika da ƙasa mai laushi kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, rairayi kashi ɗaya. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi.

Iri na tsirowa cikin kwana 7 zuwa 14. Bayan mako huɗu zuwa shida a yi dashe, a binne karan har kusa da ganyen farko, don duk inda ƙasa ta rufe saiwa yake fitarwa. A kafa sanda a ranar, tunda yana kai mita ɗaya kuma rassansa saurin karyewa gare su.

Yana son rana ta awa shida zuwa takwas, amma zafin da ya haura digiri 35 yana kakkaɓe fure, don haka lokacin sanyi ya fi. A tura yatsa cikin ƙasar, in saman ya bushe a ba da ruwa har ya ɗigo ta ƙasa. Takin yuriya kuwa, in ya yi yawa, ganye za a samu, ba 'ya'ya ba. Darɓa kan taru a bayan ganye, a fesa mata ruwan sabulu da yamma.

Kimanin wata biyu da rabi bayan dashe ɗan zai cika ɓawonsa har ya tsaga shi. A tsinka tun yana kore, a ɓare, a wanke danƙon jikinsa. Ganye da ɓawo ba a ci.