Darasi na Tara: Haƙorin Yarinta da Ya Ƙi Faɗuwa

Yaro yana da haƙora 20, babba kuma 32. Famfara takan fara wajen shekara 6, ta ƙare wajen shekara 12. Duk da haka akwai wanda zai kai 25, ko ma 40, da haƙorin yarinta guda a bakinsa. Gane shi ba wuya. Ya fi 'yan'uwansa ƙanƙanta, ya fi su fari, samansa ya side, wani lokaci ma ya lotsa kamar an danna shi cikin dasashi.

Me ya hana shi faɗuwa?

Haƙorin girma ne ke cin saiwar na yarinta daga ƙasa, har ya yi girgiɗi ya fita. Idan babu mai turowa, sai ya yi zamansa. Mafi yawan lokaci, magajin nasa ne Allah bai halitta ba sam, kuma wannan yakan bi jini a cikin dangi. An fi ganin haka a turmin yarinta na biyu a muƙamuƙin ƙasa. Wani lokacin magajin yana nan, amma ya karkace ya maƙale cikin ƙashi, kamar yadda fiƙar sama takan yi. Akwai kuma haƙorin da saiwarsa ta manne da ƙashi. Shi ne mai lotsawa: sauran haƙora suna tasowa, shi yana nan inda yake, har maƙwabtansa su kwanto masa, abinci ya riƙa cushewa a tsakani.

A fara da hoto

Ido ba ya ganin saiwa, ita kuwa saiwar ce ke yanke hukunci. Don haka kada a cire, kada a rufa, sai an ɗauki hoton X-ray, mai nuna cikin ƙashi. A mustausaf, wato ƙaramin asibiti, na Makka, Jidda ko Madina za ku ji ana ce wa wannan hoton ashi'a da Larabci. Ƙaramin hoto yana nuna haƙori ɗaya da saiwarsa, babban da ake kira banorama yana nuna bakin gaba ɗaya. Ku tambayi likita abu uku: Akwai magaji a ƙasa? Saiwar nawa ta rage? Ta manne da ƙashi?

Idan saiwar tana da ƙwari

Haƙorin da ba ya motsi, ba shi da kogo, saiwarsa kuma da sauran tsawo, barinsa ya fi cire shi. Yana taunawa, yana riƙe ƙashin wurin kada ya zaizaye, kuma yakan yi shekaru da dama yana aiki. Abin da ya rage shi ne kamanninsa.

Gyara mafi sauƙi shi ne a gina shi da farin ciko, wato hashwa mai launin haƙori. Likita zai goge samansa, ya shafa maganin da ke sa ciko ya kama, ya ɗora shi kaɗan-kaɗan yana busar da shi da shuɗin haske, har tsawo da faɗi su zo daidai da na maƙwabta. Zama ɗaya ya isa, kuma sau da yawa ba a buƙatar allura. Mu wannan muka fi so a fara da shi, domin ba a sassaƙe haƙorin, in ya guntule kuma ana ƙara masa. Aibinsa rini: shayi, gahawa, goro da taba suna dusashe shi, don haka lokaci-lokaci sai an koma a goge. Wanda ke son a haskaka masa haƙora ya yi haka tun farko, domin maganin haskakawa ba ya canza launin ciko.

Hular haƙori, wadda ake kira talbisa, ta fi daɗewa da ƙyalli, amma sai an sassaƙe haƙorin kewaye. A nan ake taka tsantsan. Ɓawon haƙorin yarinta siriri ne, jijiyarsa kuma tana kusa da waje. In aka zurfafa sassaƙa, a taɓa jijiya, sai ciwo da ƙurji. Sannan hula mai tsada a kan guntuwar saiwa asarar kuɗi ce, ranar da saiwar ta ƙare tare za su faɗi.

Haka zancen yake ga haƙorin Makka. Hular zinare ko azurfa da za a tura wa haƙori a ɗaki ko a lungun kasuwa, ba hoto ba awo, takan bar 'yar kafa a bakin dasashi. Abinci ya shige, asuwaki ba ya kaiwa, haƙorin ya ruɓe a ɓoye, sai wari ya tona. Mai son ado ya je wurin likita mai lasisi.

Idan sai an cire

Haƙorin da ke girgiɗi, ko ya ruɓe, ko ya lotsa sosai, cire shi za a yi. Amma a shirya abin da zai cike giɓin tun kafin a cire, domin maƙwabta sukan karkato ciki.

Idan fiƙa ce ta maƙale, ana iya buɗe dasashi a manna mata 'yar sarƙa, a jawo ta a hankali da waya, wato takwim. Aikin yakan ci wajen shekara biyu, kuma ga babba ba kullum take amsawa ba. Da wayar kuma ana iya rufe giɓin gaba ɗaya. Akwai gada, jisir, inda ake rataya haƙorin roba ko na tangaran a jikin maƙwabta. Gada mai fiffike da ake mannawa ta bayan haƙora ba ta cin lafiyayyen haƙori sosai, ita ta fi dacewa da gaban baki.

Dashe, zira'a, shi ne a kafa ƙusar ƙarfen titaniyom cikin ƙashi, a jira wata 3 zuwa 6 ta kama, sannan a ɗora mata haƙori. Ba a yi wa wanda muƙamuƙinsa bai gama girma ba, wato sai an haura shekara 18. In ƙashin ya yi siriri sai an ƙara masa tukuna. Sigari, shisha da ciwon sukarin da ba a kula da shi suna iya hana ƙusar kamawa, don haka mai ciwon sukari ya je da sakamakon awonsa na baya-bayan nan, mai shan maganin tsinka jini kuma ya faɗa wa likita tun kafin a taɓa bakinsa.