Yadda Za Ka Fassara Kalmar Ibrananci "Asham" a Ajin Nazarin Littafi Mai Tsarki

Kada ka ce "zunubi" ka wuce. A Ibrananci asham laifi ne mai jawo bashi, kuma sunan hadayar da ake miƙawa saboda shi.

Buɗe Littafin Firistoci 6:1-7. Wanda ya ci amana ko ya rantse da ƙarya zai mayar da abin, ya ƙara humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, sannan ya kawo rago marar aibu. Kawo misalin kasuwar garin Garwa a Kamaru: mai ajiya ya cinye sefa 10,000, sai ya biya 12,000.

Inda masu koyarwa ke kuskure shi ne fara maganar rago. Hakkin mai kaya ke gaba. In ya rasu ba magaji, Littafin Ƙidaya 5:8 ya ce firist ake ba.