Idan fankar mota ta ƙi tashi a zafin Hiyuston: saƙo ga 'yan uwa sababbin zuwa

Daga watan Yuni zuwa Satumba, kiran da ya fi yawa zuwa ga masu sana'ar gyaran mota a cikin jama'armu ta Hiyuston, a jihar Teksas ta Amurka, iri ɗaya ne. Ɗan uwa bai fi wata uku da sauka ba, ya haɗa ɗan abin da ya samu ya sayi tsohuwar Camry ko Accord don kai saƙon abinci, ga shi tsaye a gefen babbar hanyar I-45 tururi yana fita daga bonet. Sau da yawa abin da ya jawo haka bai wuce na dala 15 ba. Amma kafin ya kira, ya riga ya ƙara tafiyar minti goma da kibiyar zafi a kan ja, gasket ya ƙone, gyaran ya koma na dala dubu da ɗoriya. Wannan asarar tana ci mana rai, shi ya sa muka ga gara mu rubuta.

Fara da gane ko fankar ce. Motar da ke zafi a cunkoso ko a gaban danja, sai kibiya ta sauko da zarar an samu hanya an taka, fanka ce ko abin da ke ba ta wuta, domin a guje iska tana ratsa lagireto da kanta. Haka in esi yana sanyi a tafe amma yana hura ɗumi a tsaye. In kuwa a guje take zafi, a nemi matsalar a wani wurin: ruwa ya yi ƙasa, tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in injin ya yi zafi) ya maƙale, lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaza. Kuma ba kullum fanka ke juyawa ba. A yawancin ƙananan motoci sai zafin ruwa ya kai tsakanin digiri 95 zuwa 105 take tashi. Na'urorin ƙasar nan da ma'aunin Farenhait suke magana, don haka riƙe a ka cewa 212 nasu shi ne 100 namu.

In kibiya ta fara hawa kana kan titi, kashe esi, kunna hita har ƙarshe, buɗe gilasai, ka nemi wurin tsayawa. Hita tana ɗebe zafi daga ruwan injin. In kibiya ta taɓa ja, kashe mota nan take. Kada ka taɓa murfin lagireto sai bayan aƙalla rabin awa: ruwan yana cikin matsi, zafinsa ya wuce na tafasa, kana murɗawa zai yi tsiri a fuskarka. A manyan hanyoyin birnin akwai shirin Tow and Go da ke janye motar da ta mutu zuwa wuri mai aminci kusa da mafita, kyauta. Kada ka tsaya kana leƙen injin a bakin hanyar da motoci ke gudun mil 70.

Bayan ta huce, duba ruwa tukuna. In ya yi ƙasa sosai, sensar da ke auna zafin ruwa iska take ji maimakon ruwa, sai ta ba kwakwalwar mota labarin ƙarya, fanka kuma ta yi zamanta. Cika shi, tayar da mota, kunna esi. A mafi yawan motoci fanka za ta tashi cikin 'yan daƙiƙu, muddin esin yana da gas. In ta tashi da esi amma ba ta tashi da zafin injin, moton fankar lafiya lau yake, zargi ya koma kan sensa. In ko da esin shiru, ka bi wuta daga tushe.

Akwatin fis yana kusa da batir, kuma a bayan murfinsa akwai zanen da ke nuna kowanne. A Toyota za ka ga RDI FAN da CDS FAN, a wasu COOLING FAN. Fis ɗin fanka babba ne, amfiya 30 zuwa 50, mai kusurwa huɗu da ɗan gilashi a kai inda ake hango ƙarfen ciki ko ya tsinke. Sauya shi da mai lamba iri ɗaya. In sabon ya sake ƙonewa, fis ɗin yana aikinsa ne: ko moton ya yi nauyi yana jan wuta fiye da kima, ko wata waya ta goge tana taɓa jiki. Wanda ya naɗa masa zaren waya ko ya sa mai babbar lamba, wayarin ɗin gaba ɗaya ya sa a bakin wuta.

Rile yana cikin akwatin nan. Hanya mafi sauƙi ita ce ka musanya shi da na hon, idan lambar da ke jikinsu ɗaya ce. Fanka ta tashi, hon ya mutu, ka kama ɓarawo. Mai mitar awon wuta zai iya aunawa: tsakanin ƙafa 85 da 86 ya kamata ya ga om 50 zuwa 120, sannan in aka ba ƙafafun nan biyu wutar batir a ji ƙas, ƙafa 30 da 87 su haɗu. Tsofaffin Toyota masu fanka biyu suna da rile uku da ke sarrafa ƙaramin gudu da babba, kuma ba duka ne iri ɗaya ba, don haka kar a cakuɗa su.

Sai moton kansa. Kashe mota, cire kan batir na nagetif kafin hannunka ya shiga, domin wasu fankokin suna tashi ko mota tana kashe. Juya fiffiken da yatsa. Ya kamata ya juya sumul, ba ƙara, ba gurnani, ba lilo. Zare soket ka leƙa ciki da tocila: in robar ta narke ko ƙarafan sun yi baƙi ko kore, matsalar ke nan, kuma sabuwar fanka a tsohon soket ba za ta daɗe ba. In waya biyu ce kawai masu kauri, haɗa ta da batir kai tsaye ta wayar da ke da fis na amfiya 30 a tsakiya. Ta juya da ƙarfi, lafiyarta ƙalau. Ta ƙi, amma da ka ɗan ƙwanƙwasa bayanta da ƙotar sukudireba ta motsa, gawayin ciki ya cinye, kwananta ya ƙare ko da ta yi maka aiki yau. Amma in ka ga waya uku ko huɗu, ɗaya siririya, da wani ɗan akwatin alminiyam a jikin fankar, dakata. Wannan akwatin ne ke karɓar umarni daga kwakwalwa yana daidaita gudu, kuma wutar batir a siririyar wayar nan tana iya kashe shi. A irin wannan sai dai a auna a tabbatar babbar waya tana kawo bolt 12, wayar nagetif tana kama jiki da kyau, sauran a bar wa na'ura.

Sensar zafin ruwa yawanci tana kusa da gidan tamostat, waya biyu gare ta. A motoci da yawa, kana zare soket ɗinta injin na aiki, kwakwalwa za ta tayar da fanka don kare injin. In haka ta faru, ka tabbatar fis da rile da moto duk suna lafiya. Sensa mai lafiya tana nuna om 2,000 zuwa 3,000 a sanyi, ta sauko kusa da 200 zuwa 300 in injin ya yi zafi. Tsofaffin Honda suna da makunnin fanka daban a gidan tamostat, wanda in ka haɗa ramukan soket ɗinsa biyu da 'yar waya fanka za ta tashi. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket na OBD2, inda ake jona na'urar bincike, a ƙarƙashin sitiyari, kuma shagunan AutoZone da O'Reilly suna karanta lambobin matsala kyauta. P0480 da P0481 suna nuni ga layin fanka, P0115 zuwa P0119 ga sensa. Lambar tana nuna maka unguwar da za ka nema ne kawai, kar ka sayi kaya saboda ita kafin ka auna.

Yanzu ga inda muke yawan sa-in-sa da sababbin zuwa. A gida in mota tana zafi, bakanike zai zare tamostat ya jefar, mai wayarin ya haɗa fanka dairek, a riƙa ɗura ruwan famfo, a ci gaba da harka. Ɗan uwa, kada ka kawo wannan nan. Motar da ba tamostat ba ta kai zafin aikinta, tana shan mai, hita ba ta ɗumi, sannan kwakwalwa ta kunna fitilar injin da lambar P0128. A gundumar Harris, inda Hiyuston take, yawancin motoci ba a sabunta rajistarsu sai sun ci gwajin hayaƙi, kuma motar da fitilar injinta ke kunne ta faɗi tun kafin a fara. Teksas ta soke binciken lafiyar motocin da ba na kasuwanci ba daga farkon 2025, amma gwajin hayaƙin yana nan a nan gundumar. Goge lambar a ƙofar wurin gwaji ma ba dabara ba ce, domin na'urarsu za ta ga kwakwalwa ba ta gama gwaje-gwajenta ba, a ce ka je ka dawo. Ruwan famfo kuwa yana cin lagireto da tsatsa, yana saurin tafasa, kuma yana daskarewa. Waɗanda suka ga sanyin Fabrairun 2021 a wannan gari sun san yadda ƙanƙara ta fasa bututun ruwa a gidaje, haka take yi wa injin. Sayi ruwan sanyaya injin wanda aka riga aka gauraya rabi da rabi, irin wanda littafin motarka ya ambata.

Mai gidan haya shi ma yana cikin lissafin, kuma wannan ne mutanenmu ba sa tsammani. Yawancin takardun hayar gidajen bene sun hana gyaran mota a wurin fakin. Ka karanta taka, za ka ga sharaɗin a sashen motoci. Sauya fis ko rile ba wanda zai kula. Amma ka ɗaga bonet yini guda, kaya a baje, ruwa kore yana malala, sai ka wayi gari da takardar gargaɗi a ƙofa. Motar da ta kwana biyu a wuri ɗaya da alamar ta mutu, za a manna mata takarda a gilashi, in wa'adin ya cika janwe ya ɗauke ta, kuɗin ja da na ajiyar kowace rana duk a wuyanka, har ya kan zarce kuɗin fankar. Ruwan lagireto guba ne mai zaƙi-zaƙi, yana kashe kare da kyanwa, yana illata yaro. A tare shi a roba mai murfi a kai wurin karɓar sharar guba ta birni, ba a zuba shi a kwalbatin titi. In aikin ya wuce na minti ashirin, yi magana a masallaci bayan sallah. Alhamdu lillahi, a cikinmu akwai masu gida da gareji, kuma ba mu san wanda ya nemi wurin kwance fanka aka hana shi ba.

Kayan gyara ba wuya. Cikakkiyar fanka da gidanta ta Camry ko Accord tana samuwa sabuwa daga kusan dala 80 zuwa 200, ƙusoshi biyu ko uku ne da soket. Akwai kuma filayen matattun motoci, kamar Ƙofar Ruwa a Kano, sai dai a nan kai za ka shiga da sifanarka ka kwance da kanka. Ka tafi da lambar VIN ta motarka, wato lambar shasi, domin shekara ɗaya da suna ɗaya suna iya zuwa da fanka iri biyu, ta silinda huɗu daban, ta shida daban.

In sai an je gareji, ka sani awa ake biya, kuma awa ɗaya ta haura dala 100 a mafi yawan wurare, ban da kuɗin binciken matsala. Babu "sai mun gama ma yi magana". Nemi a rubuta maka ƙiyasin kuɗi kafin a taɓa motar, ka ce kada a ƙara wani aiki sai an kira ka, ka kuma ce a ajiye maka tsohon kayan da aka cire. In ka sa hannu aka yi aikin ba ka biya ba, doka ta ba su damar riƙe motar.

Da yawa daga cikin fankokin da muke gani a mace, tun ranar saye suke a mace. Takardar da dila ke mannawa a gilashi, in an yi alama a gurbin AS IS, ma'anarta kana fita ƙofa duk abin da ya lalace naka ne. Taitil, wato takardar mallakar mota, da aka rubuta salvage ko rebuilt a kansa, mota ce da inshora ta taɓa sallamawa, sau da yawa bayan karon gaba, inda fanka da lagireto da wayoyinsu suke, ko bayan ambaliya irin ta guguwar Harvey a 2017 da ta bar soket-soket suna ruɓewa a hankali. Kafin ka ƙirga wa kowa kuɗi, bar motar a kunne a tsaye, esi a kashe, minti ashirin ko fiye, kana kallon kibiya, har ka ji fankar ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta. Mai motar da ya ce yana sauri ba zai jira wannan ba, bar masa kayarsa.