Yadda muke tafiya da kyanwa daga Kano zuwa Katsina

Shekarar farko da muka tafi da Zabuwa gida Katsina yin Babbar Sallah, a cinya aka riƙe ta. Zabuwa kyanwarmu ce, yara suka sa mata sunan saboda ɗigo-ɗigon fari da ke bayanta. Tun daga Kurna take kuka, tana kartar kujera, har muka wuce Dawanau. Muna shiga Bichi wata tirela ta danna hon dab da mu. Sai ta suɓuce daga hannun 'yar autata, ta tsallake kujera, ban ankara ba na ji ta tsakanin ƙafata da birki. Allah ne ya kiyaye ba gudu nake yi ba. Na gangara gefen titi na kashe mota, jikina yana rawa, yarinya tana cewa, "Abba, don Allah kar a bar ta a nan." Ba a bar ta ba. Amma tun ranar ba ta ƙara shiga motata a sake ba, kuma duk abin da zan faɗa a nan daga wannan tafiya ya samo asali.

Kafin komai ku zauna da uwargida ku duba: tafiyar da ita dole ce? Kyanwa ta shaƙu da gidan da ta sani, da lungunansa da ƙamshinsa, hanya kuwa wahala ce a wurinta. Idan kwana biyu ko uku za ku yi, kuma akwai maƙwabci mai amana da zai riƙa shigowa safe da yamma yana sa mata abinci da ruwa, barin ta ya fi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a kulle ta a gida da kwano ɗaya a ce ai za ta kama ɓera. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Tantabaru kam ba a ma maganar ɗaukarsu, a bar wa yaron maƙwabta dawa da gero ya riƙa watsa musu, yana sauya ruwa. Mu mako biyu muke yi a wajen Hajiya, shi ya sa muke tafiya da Zabuwa.

In kun yanke za a tafi da ita, to kwando shi ne rabin aikin. Akwai akwatin roba da aka yi musamman don dabbobi, mai ƙofar waya, in kun samu madalla. Ni a Kasuwar Sabon Gari na sayi kwandon roba mai murfi, mai huda ta ko'ina don iska, na ƙara ɗaure murfin da igiya ta gefe biyu. Girmansa ya kai ta miƙe tsaye, ta juya, ta kwanta. Kar ku sa ta a buhu, kar ku sa ta a kwali. Buhu yana toshe numfashi, kwali kuma da ta yi fitsari ya jiƙe sai ta faffasa shi da farce.

Mai ƙwarmin ido da wuri yake fara kuka. Mako biyu kafin tafiya nake ajiye kwandon a falo a buɗe, in shimfiɗa tsohon zanen da ta saba kwanciya a kai, in riƙa sa mata ɗan busasshen kifi a ciki. Kwana biyu za ta yi tana zagaye shi tana shinshina. A na uku za ka tarar ta shige da kanta tana barci. Daga nan sai a fara rufewa na minti 10, a buɗe. Ana saura kwana huɗu ko biyar nakan sa ta a mota mu zaga unguwa mu dawo, don ƙarar inji ta daina zama mata baƙon abu. Wanda ya bari sai safiyar tafiya ya fara cusa kyanwa a kwando zai sha yakushi, ita kuma za ta yi hanyar gaba ɗaya a firgice.

A cikin makonnin nan biyu ake zuwa wajen likitan dabbobi. A Kano akwai asibitin dabbobi a Gwale da Kundila, ban da na kuɗi. A duba ko an yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana kamuwa, kuma tana iya sa wa mutum ta cizo. Daga wata 3 da haihuwa ake fara yi, a nan kuma duk shekara ake sabuntawa. A karɓi katin a sa a aljihun mota. A nemi maganin tsutsar ciki da na ƙuma wanda aka yi don kyanwa, domin wasu magungunan ƙumar kare suna kashe ta. Abu ɗaya kuma da nake roƙon kowane magidanci ya faɗa wa iyalinsa: kar a taɓa ba kyanwa Panadol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, guntun ƙwaya ɗaya ya isa ya hallaka ta. Maganin barci ma kar a saya a kemis a ɗura mata don ta yi shiru a hanya. Sai abin da likita ya rubuta.

Kayanta ba su da yawa. Abincin da ta saba ci, ƙaramin kwano, jarkar ruwa daga gida, tawul biyu, leda da tsumma saboda amai, sai faffaɗar roba da yashi mai tsabta don bayan gida. Ba a sauya mata abinci a hanya. Madara ma a dakata, manyan kyanwoyi da yawa zawo take sa su. Ranar tafiya a ba ta abinci kaɗan awa uku ko huɗu kafin a tashi, ko a bari sai an isa. Ciki cike shi ke kawo amai. Ruwa dai ba a hana ta.

Yanzu zafi, wanda shi na fi tsoro. A bazara Kano takan wuce digiri 40, kuma motar da aka ajiye a rana a rufe takan zama tanderu cikin 'yan mintoci. Kyanwa ba ta gumi irin namu. Shi ya sa muke tashi da an idar da sallar asuba, mu wuce Rijiyar Lemo da Bachirawa kafin cunkoso ya haɗu. Katsina kimanin kilomita 170 ce daga Kano, in hanya ta yi kyau kafin rana ta take mun isa. Kwandon a kujerar baya yake zama tsakanin yara, a zagaya masa bel a ɗaure, ko a ƙasa bayan kujerar gaba inda ba zai zame ba. Ba ya shiga but ko da wasa. Can babu iska, ga zafi, ga hayaƙin salansa. Ina yafa siririn mayafi a gefen da rana take, in bar sauran a buɗe. Duhu-duhun nan yana kwantar mata da hankali.

In kun ga ta buɗe baki tana haki kamar kare, harshe a waje, miyau na zuba, zafi ne ko tsananin tsoro, kuma ba abin jira ba ne. A nemi inuwa a tsaya, a ƙara sanyin mota, a jiƙa tawul da ruwan jarka a shafa mata a tafin ƙafa da ciki da kunnuwa. Ban da ruwan ƙanƙara. In ba ta dawo daidai ba cikin ɗan lokaci, a nufi likita mafi kusa.

Dokar motarmu ɗaya ce, yara sun haddace ta: ba a buɗe kwando sai ƙofofi da gilasai duk suna rufe, mota kuma a tsaye. A shingen jami'an tsaro za ka sauke gilas, a gidan mai wani zai fita, masu talla za su kewaye ku a Gidan Mutum Ɗaya. Kyanwar da ta fice a irin wurin nan da wuya a sake ganinta. In mun tsaya salla ko cin abinci, ba a barinta a mota. Babban ɗana yake ɗaukar kwandon ya zauna da shi a inuwa, in na idar in karɓe shi. Sau da yawa ba ta shan ruwa a hanya, ba ta kuma yin bayan gida. A tafiyar awa uku wannan ba komai ba ne.

Mai aku ya cire lilo da duk abin da ke reto a keji, ya lulluɓe rabinsa, kuma kar a fesa turare a motar, huhun tsuntsu ba ya jurewa. Mai kare ya tanadi tsawaitacciyar igiya, ya riƙa sauke shi duk bayan awa biyu, sannan ya tambayi masu gidan tun kafin ya taso, domin ba kowane gida ake yarda kare ya shiga ba.

Isa ma wani aikin ne. Nakan kira Hajiya tun ana saura kwana biyu in ce, "Hajiya, don Allah a kwashe maganin ɓeran da ke ɗakin ajiya, da Zabuwa za mu zo." Gidan da ke da hatsi ba ya rasa shi, kuma ko ɓeran da ya ci guba ta kama zai iya cutar da ita. Muna zuwa sai a kai kwandon ɗaki ɗaya a rufe ƙofa, a ajiye ruwa da robar yashi, a buɗe murfin a ƙyale ta ta fito da kanta. Ɗakin nan take zama har mu koma, saboda in ta fita a baƙon gari hanyar Kano za ta nema. Akwai kuma 'yan tsakin Hajiya a tsakar gida, waɗanda ba na son a ce baƙuwarmu ta taɓa ko ɗaya. In za a fesa maganin sauro da magariba, a fitar da ita cikin kwandonta sai warin ya tafi.

Ranar Sallah kowa yana son ya ba ta nama. Nakan yanko mata tsoka kaɗan tun kafin a sa kayan haɗi, a dafa da ruwa zalla. Soyayyen da ya sha albasa da tafarnuwa ba nata ba ne, su biyun suna lalata jinin kyanwa, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya soke ta. Bara Hajiya da kanta ta ware mata 'yar tukunya, tana cewa jikoki, "Wannan na baƙuwar Kano ne, kar wanda ya sa masa gishiri."